Ido Ba Mudu Ba: Sharhi a Kan Fassarar Kalmomin Ƙima da Ƙiyasi da Kintace

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka zartar da sabon kundin tafiyar da mulki a Jamhuriyar Nijar, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin da wannan ke nufi ga masu nazarin harshe shi ne, rahotannin ma'aikatu da sanarwar hukuma za su ƙara bi ta hannun mai fassara kafin su isa kunnen manomi. Daga cikin kalmomin da mai fassara zai yi ta karo da su akwai "estimer" da "estimation" na Faransanci, da takwararsu "estimate" ta Ingilishi. Al'adar da ta kankama a gidajen rediyo da jaridu ita ce a mayar da su "ƙiyasi" ko "hasashe" a duk inda suka faɗo, wani lokaci ma a tsallake su, a karanta adadin kamar an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan al'ada tana tauye ma'ana, kuma tauyewar tana da illa ga wanda ake yi wa maganar. Za a bi tarihin kalmar a Ingilishi, sannan a dubi yadda Ibrananci da Girkanci suka rarraba ma'anonin da Ingilishi ya cusa a jaka ɗaya. Daga nan sai a gwada abin da aka samu da Hausar gona da kasuwa ta ƙasar Matamaye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, inda awo da kintace suke sana'ar yau da kullum.

2.0 Ingilishi da Faransanci: kalma ɗaya, kaya uku

Asalin kalmar daga Latin yake, watau "aestimare", wadda ke nufin sanya wa abu kuɗi ko faɗin darajarsa. A shari'ar Rumawa akwai matakin da ake kira "litis aestimatio", inda alƙalai ke yanke adadin diyyar da wanda aka kama da laifi zai biya. Ke nan tun farko kalmar ta hukunci ce, mai ɗaure mutum. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 da wannan ma'ana ta daraja, daga baya ne ma'anar faɗin adadi ba tare da ƙirgawa ba ta rinjaya.

Wasu kalmomin Ingilishi biyu sun fito daga wannan tushe ta hanyar tsohon Faransanci. Ta farko ita ce "esteem", watau ganin girman mutum. Ta biyu ita ce "aim", watau saita kibiya ko bindiga. Faransanci kuwa har yau bai raba su ba: da "estimer" ake sa wa gida kuɗi, da ita ake faɗin yawan jama'ar gari a ƙiyasce, da ita ake girmama dattijo, da ita kuma ake cewa mutum yana ganin abu kaza ne daidai. Saboda haka mai fassara daga Faransanci ya fi fuskantar haɗari, domin kalmar ba ta gaya masa wace ma'ana ake nufi, sai ya duba abin da ke kewaye da ita.

3.0 Ibrananci: abin da aka yanke da abin da aka kintata

A sura ta 27 ta Littafin Firistoci, ɗaya daga littattafan Attaura, an yi ta maimaita kalmar "erek". Fassarar Ingilishi ta 1611, wadda aka sani da sunan Sarki James, ta ba ta "estimation". Wanda ya karanta wannan da kunnen Ingilishin yau zai zaci firist yana kintatawa ne da ido. Amma tushen kalmar a Ibrananci yana nufin jerawa ko tsarawa, kamar jera itace a bisa bagade, ko shirya akushi a gaban baƙo, ko ja dāga a fagen yaƙi. Abin da surar ta kawo kuwa jadawali ne tsayayye na fansar wa'adi: namiji mai shekara 20 zuwa 60 shekel 50 na azurfa, mace shekel 30, daga shekara 5 zuwa 20, namiji 20, mace 10, daga wata 1 zuwa shekara 5, namiji 5, mace 3, wanda ya haura 60, namiji 15, mace 10. Babu taya, babu ragi. Sai idan mutum matalauci ne aka ba firist ikon yanka masa gwargwadon ƙarfinsa.

Abin lura ga manomi shi ne yadda surar ta sa wa gona kuɗi. Ba a auna faɗinta da igiya ba, an bi yawan irin da take ci: gonar da ke cin "homer" ɗaya na sha'ir, watau kamar kayan jaki guda, shekel 50, ana ragewa gwargwadon shekarun da suka rage kafin shekarar 'yantarwa, wadda ke zagayowa duk shekara 50. Wanda ya so ya fanshi gonarsa sai ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar.

Malaman Yahudawa da suka tattara Mishna wajen shekara ta 200 Miladiyya sun keɓe wa wannan batu babi guda mai suna Arakin. A ciki sun bambanta "erek", adadin da doka ta yanke, da "damim", abin da za a taya a kasuwa. Suna kuma da kalma ta uku, "omed", watau faɗin yawan abu da ido. Sun yarda a fitar da rabon firist daga amfanin gona da ido, amma sun yi gargaɗi kada mutum ya saba fitar da ushiri ta wannan hanya, domin ushiri adadi ne sananne. Kalma ta huɗu ita ce "hashab", ƙirgawa da tunani, 'yar'uwar "hasaba" ta Larabci, wadda daga gare ta Hausa ta sami "lissafi" da "hisabi". Harshe ɗaya ke nan ya ware kalmomi huɗu ga abin da fassarar gaggawa za ta kira da suna ɗaya.

4.0 Girkanci: daraja da tsakuwa da kama

Lokacin da aka juya Attaura zuwa Girkanci a birnin Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, masu aikin sun ba "erek" kalmar "time", wadda ake furtawa da gaɓa biyu. Wannan kalma tana nufin farashi, tana kuma nufin girma da martaba, daidai da yadda Bahaushe ke cewa kaya sun yi ƙima, mutum ma yana da ƙima. Daga gare ta aka sami "timema", adadin dukiyar da hukuma ta rubuta wa mutum. Wajen shekara ta 594 kafin Miladiyya Solon ya kasa mutanen Atina gida huɗu bisa amfanin gonarsu: masu awo 500, masu 300, masu 200, da waɗanda ba su kai ba, kuma muƙamin da mutum zai iya riƙewa ya rataya a kan gidan da ya faɗa. A kotu ma da wannan kalma ake kiran hukuncin da kowane ɓangare ya gabatar. A shari'ar Sokratis ta shekarar 399 kafin Miladiyya masu ƙara sun nemi kisa, shi kuma ya gabatar da tara, alƙalai suka zaɓi na masu ƙara.

Ga ƙirga Girkanci yana da wasu kalmomi dabam. "Logizomai" ita ce lissafi, da ita aka fassara "hashab" a wurare da yawa. "Psefizo" ta fito daga sunan tsakuwa, domin da tsakuwa ake ƙirga, kuma ita ce aka yi amfani da ita a Linjilar Luka, sura ta 14, a misalin mai son gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya lissafta abin da ginin zai ci. Ga abin da ba a ƙirga ba kuwa akwai "eikazo", daga kalmar kama ko siffa, watau gane abu ta hanyar kwatanta shi da wani, da kuma "stokazomai", saita kibiya, wadda ta zama sunan wani reshe na ilimin ƙididdiga a harsunan Turai.

Idan aka haɗa shaidar harsunan nan za a ga ayyuka uku ne mabambanta. Na ɗaya, mai iko ya yanke daraja, maganarsa ta zama doka. Na biyu, masani ya ɗauki abin da aka auna ya gwada shi da abin da ba a auna ba. Na uku, gwani ya duba da ido ya faɗi abin da ya gani. Kowanne yana da mai yinsa, da kayan aikinsa, da iyakar yadda za a dogara da shi.

5.0 Hausar gona da kasuwa a Matamaye

Matamaye tana kudu maso yammacin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Kance ta nufi iyakar Nijeriya wajen Daura. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ga rake da kayan lambu a fadamun Korama. Wanda ya saurari cinikin hatsi a irin wannan wuri zai ji ayyukan nan uku kowanne da sunansa.

Ƙima, wadda wasu ke furtawa kima, daga "ƙima" ta Larabci take. Sauyawar ƙ da k a kalmomin aro ba baƙon abu ba ne, kamar yadda ake ji a "kabari". Daga gare ta aka sami "kimanta" da "kimanin". Idan dabbobi suka yi ɓarna a gona, dattawa suka je suka gani, suka kimanta abin da makiyayi zai biya, sarki ya tabbatar, to magana ta ƙare. Wannan ita ce 'yar'uwar "erek" da "timema", kuma aikatau da ke raka ta a bakin jama'a shi ne "yanke" ko "yanka wa". A ciniki kuwa mai kaya yana sa suna, mai saye ya taya, a ce albarka ko a sallama, duk wannan neman ƙimar kasuwa ne, watau "damim".

Ƙiyasi daga "ƙiyas" yake, gwada abu da abu. Almajirin fiƙihu ya san shi da rukunansa huɗu: asali, da reshe, da illar da ta haɗa su, da hukunci. Daga tushen nan aka sami sunan Miƙyas, ma'aunin kogin Nilu da aka gina a tsibirin Rauda na Alƙahira a shekarar 861, wanda tsayin ruwa a jikinsa ke nuna irin damina da harajin da za a sa rai. Manomin Matamaye yana yin irin wannan aiki duk kaka. Yawan dammunan da ya kai rumbu ƙirga ne, babu shakka a ciki. Amma dami ba ya da girma ɗaya, don haka idan yana son sanin ko hatsin zai kai iyali wata damina, sai a sussuke dami guda, a sheƙe, a auna da tiya, a riɓanya da yawan dammunan. Abin da ya fito ƙiyasi ne: yana da asali da aka auna, yana da hanyar da kowa zai iya bi ya duba.

Kintace, da ɗan'uwansa kirdado, aikin ido ne. Dillalin da ya dubi tsibin gyaɗa ya ce zai yi buhu kaza, ko mai sayen rake da ya zaga lambu ya saye shi a tsaye, kintata suka yi. Karin maganar da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima ta tsayar da matsayin wannan aiki daidai: ta yarda da gwanintar ido, ta kuma hana shi kujerar mudu. Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a wannan yanki, ya yi irin wannan iyakancewa. An halatta cinikin tsibi, wanda malamai ke kira jizafi, da sharaɗin mai saye ya ga kayan, su biyun su iya kintace, kuma kada ɗayansu ya san ainihin awon ya ɓoye. A babin zakka ma an yarda a kintata dabino da inabi tun suna bisa itace, kamar yadda aka riƙa aika Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibara, amma hatsi sai an auna, a ga ko ya kai nisabi, wusƙi 5, watau sa'i 300.

Hasashe kuwa ya fi karkata ga abin da bai auku ba tukuna, kamar ruwan damina mai zuwa. Zato da tsammani suna cikin zuciya, ba su bukatar mudu ko ido.

6.0 Inda fassara ke tuntuɓe

Ƙamusoshin da ake dogara da su, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sun adana waɗannan kalmomi, kuma wannan babban aiki ne. Sai dai ƙamus, musamman mai harshe biyu, jera makusantan kalmomi yake yi. Ba aikinsa ba ne ya tsaya a kan kafaɗar mai fassara ya tambaye shi wane ne ya faɗi adadin, da me ya auna, kuma maganar tana ɗaure wani ko ana iya warware ta gobe. Misalai uku za su nuna abin da ke faruwa idan ba a yi waɗannan tambayoyi ba.

Na farko shi ne yawan jama'a. Nijar ta yi ƙidaya a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da 'yan kai. Adadin da ake bayarwa a shekarun da ke tsakanin ƙidaya da ƙidaya ƙiyasi ne, an ɗora shi a kan ƙidayar baya da saurin ƙaruwar jama'a. Mai fassarar da ya ce "an ƙidaya" a inda takarda ta ce "estimation" ya ba adadin ƙarfin da masu shi ba su ba shi ba. Wanda ya ce "an yi kirdado" kuma ya zubar masa da mutunci, ya sa mai sauraro ya ɗauke shi lissafin dokin Rano. Da irin wannan adadi ake raba azuzuwa da magani da rijiyoyi, don haka magajin garin da zai yi jayayya a kan rabon garinsa yana bukatar ya san da ƙirga yake jayayya ko da ƙiyasi.

Na biyu shi ne yunwar 2005. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, an bayyana giɓin hatsi na kimanin tan 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. Wannan ƙiyasin yawa ne, irin wanda ake samu ta hanyar auna 'yan ƙananan filaye a gonaki a riɓanya, daidai da dabarar dami da tiya. Bai ce kome ba game da ƙimar hatsi a kasuwa. Da bazara ta yi nisa, farashin gero ya ninka, kuɗin dabbobi ya faɗi, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram, rumbunan ƙasar, suna cikin inda tamowa ta fi kama yara. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Rahoton Faransanci yana iya amfani da kalma ɗaya ga yawan tan da kuma darajar buhu. Hausa tana da ikon cewa an ƙiyasta yawan hatsin da aka girbe, ba a kimanta abin da talaka zai iya saye ba, kuma wannan jimla ta fi kusa da abin da ya faru.

Na uku shi ne itatuwa. Yankin Matamaye da Magarya da Mirya ya yi suna saboda yadda manoma suka riƙa barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe na kulawa tun daga shekarun 1980. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun bi diddigin wannan, aka kuma bayar da adadin hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 ga kudancin Nijar. Ba wanda ya zaga ya taɓa itace miliyan 200. An kwatanta hotunan sama na shekaru daban-daban, an ƙirga itatuwa a zaɓaɓɓun wurare, aka gwada sauran ƙasa da su. Ƙiyasi ne cikakke, da asali da reshe. Idan aka wuce nan aka ce itatuwan sun ƙara wa manomi kaza a shekara ta fuskar taki da harawa da makamashi, an shiga kimantawa, kuma wannan magana ce dabam mai bukatar hujja dabam.

Akwai kuma inda fassara ta dace, kuma ya kamata a yaba. A tsarin mulkin Ingila ana kiran takardar kuɗin da gwamnati ke shirin kashewa "Estimates". Hausa ba ta bi lafazin ba, ta ce kasafin kuɗi, daga kasaftawa, domin abin da takardar ke yi ke nan: raba kuɗi kashi-kashi da izinin majalisa. Waɗanda suka zaɓi wannan suna sun dubi aikin da takardar ke yi, ba su tsaya ga kalmar da ke bisa bangonta ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsayar da ƙa'ida mai sauƙi ga masu fassara da masu shirya ƙamusun kalmomin aiki. Inda hukuma ko alƙali ko dattawa suka sa wa abu daraja, a ce kimantawa, idan kuma hukuncin ya zama dole a ce an yanke. Inda aka auna wani sashe aka gwada saura da shi, a ce ƙiyasi, a kuma faɗi abin da aka auna idan takardar ta ambata. Inda gwani ya duba da ido kawai, a ce kintace. Inda ake maganar abin da ke gaba, a ce hasashe. Inda aka bi ɗaya bayan ɗaya, a ce ƙidaya ko ƙirga, kuma kada a ba wani adadi wannan suna sai ya cancanta. Inda "estimer" ke nufin girmamawa ko ra'ayi, babu ruwan awo a ciki, sai a ce ganin ƙima ko gani.

Ibrananci da Girkanci sun nuna cewa rarrabewar nan tsohuwa ce, kuma shari'a da haraji da ibada sun daɗe suna rataye a kanta. Hausa ba ta bukatar ƙirƙiro sababbin kalmomi a wannan fage, domin mai awo da dillali da malamin zaure a Matamaye suna riƙe da su. Aikin da ya rage shi ne cibiyoyin nazarin harshe su tattara su tare da misalan amfaninsu daga bakin masu sana'a, su shigar da su cikin littattafan horar da masu fassara, tun kafin fassarar gaggawa ta zama ita ce daidaitacciyar Hausar ofis.